Marubuci ko malamin jami'a: a bakin wa za mu ji labarin kakanninmu?

DanKofarMata
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ranar Asabar na je wani zama da aka haɗa marubuta da malaman jami'a a nan Kano. Ƙarfe goma aka rubuta a takardar gayyata, ba a fara ba sai da aka kusa kiran azahar, to wannan ba sabon abu ba ne. Abin da ya hana ni barci shi ne wani farfesan tarihi da ya miƙe ya ce masu ƙagaggun labarai su ne ke lalata mana tarihi. Wai mutum zai ɗauko sarkin da ya rasu shekara ɗari biyar, ya sa masa magana a baki, ya ƙirƙiro masa budurwa, gobe ka ji yara na ba da labarin kamar a gabansu aka yi.

Sai wata dattijuwar marubuciya daga kujerun baya, ba ta ma jira an miƙa mata abin magana ba, ta ce: "Allah ya gafarta malam, naka littafin da wane harshe ka rubuta shi? Nawa ne kuɗinsa? A wace kasuwa zan same shi?" Ɗakin ya yi tsit, har ƙarar fanka kake ji, can kuma aka ɓarke da tafi. Mai gabatarwa ya yi maza ya ce a tafi sallah. Da aka dawo aka shiga wani batun.

Ni dai na taho gida ban san wanda ya fi gaskiya ba. Ku fa?

Uwar_Hanan
Wa alaikumus salam. Wallahi baiwar Allahn nan ta biya ni. Ina ma ina wurin, da har guɗa sai na yi.

MalamNaSamaru
Hajiya a yi haƙuri da guɗar tukuna. Tambayar tata ta yi nauyi, ban musa ba, amma ba ta amsa abin da farfesan ya faɗa ba. In an ce maka rigarka ta yage, ka ce ai kai ma hularka ta karkace, rigar dai tana nan a yage.

Ku ɗauki Sarauniya Amina. Tarihin Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Bature mai suna Palmer ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, ya ambace ta ne a zamanin Sarkin Kano Dauda, wato farkon ƙarni na 15. Labaran Zazzau kuwa sun ce 'yar Bakwa Turunku ce, abin da ya kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi maganarta a Infaƙul Maisuri, a taƙaice. Ka ga ko lokacin da ta rayu ba a daidaita a kai ba. Amma je ka tambayi kowane yaro, zai gaya maka irin dokinta da irin sulkenta da abin da ta ce wa mayaƙanta a daren yaƙi. Daga ina ya samo? Daga mai ƙagawa. Shi malamin tarihi aikinsa ya ce iyakar abin da muka sani ke nan, daga nan kuma duhu ne. Mai ƙagawa ba ya son duhu, sai ya kunna nasa aci-balbal ya ce rana ce ta fito.

Gimbiyar_Zazzau
Malam a bar mana Aminarmu don Allah. Ganuwa dai ga ta nan ana gani.

MalamNaSamaru
Ranki ya daɗe ba wanda ya ƙwace ta. Ganuwa gaskiya ce. Cewa duk ganuwar da ke ƙasar Hausa ita ta gina, nan ne ake neman hujja.

Alkalami_Da_Tawada
Ni marubuci ne, littattafai huɗu na fitar, don haka dole in kare gidanmu. Bara na ɗauko labarin da zan gina a kan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903. Na ce ba zan yi shaci-faɗi ba, bari in nemi abin da masana suka rubuta. Aka ce mini akwai kundin digiri na uku a kan wannan zamanin a ɗakin karatun wata jami'a. Na biya kuɗin mota na je. Mai kula da wurin ya ce sai na kawo takarda daga shugaban sashe. Na ce ni ba ɗalibi ba ne. Ya ce to ba yadda zai yi da ni. Sai a zuwa na uku wani bawan Allah ya tausaya mini ya ɗauko. Ƙura ta yi masa riga, ƙarfen da aka ɗinke shi da shi ya yi tsatsa har ya ci takardar. Aka ce ba a fita da shi, ba a ɗaukar hoto, kuma ƙarfe huɗu za a rufe. Turancin ciki kuwa, layi ɗaya sai na karanta sau uku.

To a gaya mini, wanda ya kulle rumbu ya tafi da mabuɗi, yana da bakin zagin wanda ya ci tafasa?

Bakatsine77
Wannan magana haka take. Littafin marigayi Yusufu Bala Usman a kan Katsina, daga 1400 zuwa 1883, duk wanda ya karanta ya san an yi aiki. Amma Katsinawa nawa ne suka karanta shi? Ni kaina sai da na shiga jami'a na san da shi, alhali a cikin birnin aka yanke mini cibiya.

Dattijo_Na_Sakkwato
Yara ku saurara. Wannan rabuwa da kuke gani tsakanin malami da marubuci baƙuwa ce, ba mu gada ba. Shehu Usmanu da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello, su ne malaman, su ne marubutan, su ne kuma masu riƙon ƙasa. In sunka so magana da malamai 'yan uwansu sai su yi da Larabci. In sunka so makiyayi da manomi su ji, sai su yi waƙa da Fulatanci ko da Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙinta na karantarwa ta ba jajis, wato matan da ta horar su zama jagorori, su kuma su bi ƙauyuka suna karantar da mata, abin da ake kira 'Yan Taru. Ba ta ce wa matar ƙauye ta zo da takarda daga shugaban sashe ba.

Ko bayan zuwan Turawa ba a bar wannan hanya nan da nan ba. Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta tarihin Fulani da Hausa. Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta na Kano da Hausa, an buga a Zariya. Tarihin Kano ɗin da MalamNaSamaru ya ambata ma, tun farkon shekarun 1930 aka fitar da shi da Hausar boko cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. Mun karanta su muna yara. To yaushe aka yanke hukuncin cewa ilimi ba ya zama ilimi sai ya sa kwat?

MalamNaSamaru
Baba, Allah ya ƙara girma. Amsar tana cikin tsarin aikinmu, kuma ba daɗin faɗa. Malamin jami'a ba ya samun ƙarin girma sai da maƙalun da aka buga a mujallun da hukumar jami'a ta yarda da su, kusan dukkansu kuma na Turanci ne. In ka shekara biyu kana rubuta tarihin garinku da Hausa, in ba a sashen Hausa kake ba, da wuya a lissafa maka shi da wani nauyi. Mai iyali zai zaɓi abin da zai ciyar da gidansa. Ban ce uzuri ba ne, dalili ne.

Uwar_Hanan
To ashe kun san inda ciwon yake, kuka bar jaki kuna dukan taiki.

BaAren_DogonDutsi
Sallama daga Nijar. Ku bari in kawo muku misali daga wajenmu, don yana taɓa ɓangarorin biyu. A 1899 rundunar Faransawa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta ratso ƙasarmu tana ƙone garuruwa, abin da sunka yi a Birnin Ƙonni har yau tsofaffi ba su son tuna shi. A Lugu, nan ƙasar Arewa ta wajen Dogon Dutsi, Sarauniyar azna, wato masu addinin gargajiya, ta ƙi miƙa wuya, aka gwabza. A takardun Faransawa maganar ba ta da wani tsawo. Mutanen yankin sun riƙe labarin a baka, amma wanda ke Damagaram ko Tawa ba lalle ya taɓa ji ba.

Sai Abdoulaye Mamani, ɗan jam'iyyar Sawaba wanda ya sha gudun hijira da kurkuku, ya rubuta ƙagaggen labari a kanta a 1980. Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Wagadugu a shekara mai bi. Daga nan sunanta ya shiga ko'ina, har yaran lakwal, wato 'yan makarantar boko, sun san ta. Masana tarihi sun ce ya ƙara gishiri da yawa, kuma gaskiyarsu ne. Amma da bai rubuta ba, da wa zai tashi ya je Lugu neman ainihin abin da ya faru? Gishirin nasa ne ya ja masu bincike zuwa tukunyar.

Abin dariyar kuma, shi ma da Faransanci ya rubuta. Kun ga ciwon namu da naku uwa ɗaya uba ɗaya.

MalamNaSamaru
Na karɓi wannan misali, ya yi kyau ƙwarai. Sai dai ka duba ɗaya gefen. Yanzu in mai bincike ya je ƙauye da na'urar ɗaukar magana, yaya zai tantance abin da tsoho ya ji daga kakansa da abin da ya ji a rediyo daga littafin? Ruwa biyu sun riga sun gauraye a randa ɗaya.

Sadauki_09
Duk wannan surutu ne. Tarihin da ake koya mana gaba ɗaya na waɗanda suka ci yaƙi ne. Wa ya rubuta tarihin jihadi? Waɗanda suka yi nasara. Ina muryar Gobirawa? Ina ta sarakunan Haɓe da aka kora?

Dattijo_Na_Sakkwato
Ɗana, tambayarka tana da wuri, amma yi ta da ladabi. Sarautar Gobir ba ta mutu da faɗuwar babban birninta Alƙalawa a 1808 ba, tana nan a Tsibiri da Sabon Birni. Katsinawan da sunka fita suna Maraɗi. Zage-zagin da sunka bi Sarki Makau su ne sunka kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja, kuma 'ya'yan gidan sun rubuta tarihinsu da kansu. Makaɗan fadodin nan suna riƙe da nasu labarin har gobe. Muryar tana nan, ƙafa ce ba ka ɗaga ka je ka ji ba.

Sadauki_09
Baba ni dai na san abin da na sani.

Mai_Kula_Da_Zaure
Jama'a a kiyaye. Na goge saƙo biyu yanzu. Wanda yake son rigimar Hausa da Fulani ya san inda ake yin ta a Facebook, ba a nan ba. A koma kan tambayar DanKofarMata.

Malama_Rabi_Gusau
Kafin a koma, wannan da ya faru yanzun nan ai shi ne amsar. Ina koyarwa a ƙaramar sakandare. Shekaru da dama babu darasin tarihi a manhajar yaranmu, sai daga baya aka ce a dawo da shi, malaman da za su koyar kuma ba su wadata ba. Yaron da bai ji daga malami ba, bai ji daga marubuci ba, daga wa zai ji? Daga mai riƙe da waya yana ihu na minti biyu. Kwanaki wata ɗalibata 'yar shekara goma sha uku ta ce mini ita ba za ta zauna benci ɗaya da wance ba, wai kakanninsu sun ƙwace wa nata kakannin ƙasa. Na tambaye ta a wace shekara, a wane gari, ta yi shiru tana wasa da bakin hijabi. Gidajensu katanga ɗaya ce ta raba, iyayensu mata tare suke adashi.

Farfesa da marubuciya suna can suna jayayya a kan wa ya fi iya tuƙi, tuwon kuwa wani can ya riga ya kwashe ya raba wa yara.

Zongo_Kumasi
Gaisuwa daga Gana. Mu nan in ana maganar malami kuma marubuci, Alhaji Umaru na Karachi muke tunawa. A Kano aka haife shi, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete-Karachi a 1934. Ya ga zuwan Turawa da idonsa, ya kuma rubuta shi a waƙa, da Larabci da Hausar ajami. Yau masu bincike daga Turai da Amurka waƙoƙin nan suke bi don su san yadda mutanenmu suka ji a jikinsu lokacin. To shi a wane layi za ku sa shi, na farfesa ko na dattijuwar?

DanKofarMata
Wannan tambaya taka ta fi tawa wuya.

Alkalami_Da_Tawada
Kuma kar a manta, ƙagaggen labarin Hausa na boko tun ranar haihuwarsa da tarihi da siyasa ya zo a goye. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Gandoki na Malam Bello Kagara da yaƙin Turawa ya buɗe, Shaihu Umar kuma a kan bauta da fataucin bayi ta hamada yake. Wa ya rubuta Shaihu Umar? Malamin makaranta Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zo ya zama Firayim Minista. Abubakar Imam daga rubuta labarai ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ya shiga harkar siyasar Arewa tsundum. Sa'adu Zungur malami ne na gasken gaske, da waƙa ya tambayi Arewa ko jumhuriya take so ko mulukiya, Malam Aminu Kano kuma wasannin kwaikwayo ya riƙa rubutawa yana zolayar masu zaluntar talaka. Ba wanda ya ce musu ku tsaya a layinku.

Bakatsine77
To ku na yanzu me ya same ku? Daga Alhaji ya ga yarinya a bakin titi sai kishiya ta kai suna wajen boka.

Uwar_Hanan
Malam Bakatsine ka taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Wannan rainin ba yau aka fara ba. Tun shekarun 1990 Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan nan suna adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, aka yi ta fafatawa a shafin adabi na New Nigerian da Ibrahim Sheme ke kula da shi. Kowa ya kawo hujjarsa, aka yi ta bugawa mako bayan mako, kuma wannan muhawarar ta fi ta ranar Asabar ɗin nan amfani tunda ba a ce a tafi sallah an binne ta ba. A 2007 har ƙona littattafan aka yi a Kano a bainar jama'a da sunan gyaran tarbiyya.

Amma tsaya ka ji. Auren dole, sakin wulaƙanci, cire yarinya daga makaranta, gadon marayu da ake cinyewa, su wa suka fara fito da su fili da harshen da matan cikin gida ke ji? Su Balaraba Ramat Yakubu ne. In wannan ba siyasa ba ce, to ban san siyasa ba. Nan da shekara ɗari, wanda ke son ya san yadda mace ta rayu a Kano a zamanin Babangida, ba a jawabin gwamna zai samu ba. Ni a littattafan nan na iya karatun Hausa, a ɓoye cikin littafin lissafi, naira biyu ake ba da haya kwana ɗaya a shagon wani mai gyaran rediyo a layinmu.

Bakatsine77
Na janye rabin maganata Hajiya. Rabi dai.

Dan_MaiWurno
Ni daga Sudan nake bibiyar ku. Kakannin kakanninmu suna cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru, bayan an kashe shi a Burmi a 1903 suka ci gaba da tafiya gabas tare da ɗansa har suka zauna a bakin Nilu. Labarin tafiyar nan a bakin kakata na ji shi, tana tsefe wa ƙannena kai tana bayarwa, wani wuri ta yi waƙa, wani wuri ta share hawaye. Kowace shekara labarin yana ɗan canjawa. Da na girma na karanta abin da masana suka rubuta, na samu shekaru da sunayen wurare da ita ba ta sani ba. Amma yadda ƙafar mutum ke tsagewa, da yadda ake binne yaro a gefen hanya a wuce, wannan a wajenta kawai na samu. Ta rasu ban ɗauki muryarta ba.

Gimbiyar_Zazzau
Allah ya jiƙanta. Ka sa ni tunanin tawa kakar, gobe in sha Allahu zan je mata da waya.

MalamNaSamaru
Amin. Bari in ɗan sassauto, don kar a ce malaman jami'a ba sa jin magana. Ni abin da nake roƙon marubuta ƙarami ne: in ka gama labarinka, ka ƙara shafi ɗaya a baya ka ce wannan da wannan sun faru, wannan kuma ni na ƙaga. Shi ke nan. Mu ma a namu ɓangaren akwai masu ƙoƙari, ana shirye-shiryen tarihi a gidajen rediyo da Hausa, kuma Gidan Arewa a Kaduna da Gidan Makama a Kano ba a hana kowa shiga. Marigayi Abdullahi Smith tun wajen 1970 ya nuna cewa labarin Bayajida ba zai iya zama bayanin yadda daulolin Hausa suka kafu ba, amma har yau in na faɗi haka a aji sai ka ga ɗalibai sun ɓata rai kamar na zagi iyayensu.

Dan_Daurama
Ai kuwa ka zaga. Rijiyar Kusugu tana nan, ka zo Daura in kai ka ka sha ruwanta.

MalamNaSamaru
Na sha, ranka ya daɗe, har sau biyu. Ruwan da daɗi. Macijin ne ban samu wanda ya gani ba.

Alkalami_Da_Tawada
Shafi ɗaya a baya ba zai gagara ba, na yarda. Amma in na ce ni na ƙaga budurwar sarki, kai ma ka yarda ka rubuta a naka littafin cewa rabin abin da ka kira hujja daga rahoton wani Bature ne da tafinta ya gaya wa abin da yake son ji.

MalamNaSamaru
Wannan ai a babin farko muke faɗa. Ba ku kaiwa can ne.

Alkalami_Da_Tawada
Yaya za mu kai, an ce ƙarfe huɗu za a rufe?

DanKofarMata
Na karanta duka, na gode. Har yanzu dai ina inda nake, sai dai yanzu tambayar Zongo_Kumasi ta hau kan tawa. Wani abu kuma: maganar Baba na Sakkwato ta sa na tuna akwai gafakar kakanmu a ɗakin soro, cike da takardun ajami, ba wanda ya buɗe tun rasuwarsa. Ɗazu bayan la'asar na sauko da ita. Gara ta ci gefe ɗaya, amma tawadar tana nan raɗau, baƙa da ja. Akwai wata doguwar waƙa da nake ganin kamar sunayen garuruwa ne a jere, na gane Bebeji da Gwanja, sauran sun fi ƙarfina. Wa zan kai wa, malamin jami'a ko marubuci?

Dattijo_Na_Sakkwato
Kada ka ba kowa asalin takardar, ko wane ne. Ka nemi tsohon alaramma a unguwarku ya karanta maka da baki, kai kuma kana ɗaukar muryarsa. Kuma ka raba ta da ƙasa tun yau, ka sa ta cikin akwatin ƙarfe.

MalamNaSamaru
Gwanja? To wannan hanyar fataken goro ce. Don Allah ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe ka turo mini, a ƙarshen ne ake sa sunan mai rubutu da shekara.

Alkalami_Da_Tawada
Ni ma a turo mini. Kuma Malam, wannan karon ni na riga ka ganin budurwar madugu a ciki.

Zongo_Kumasi
In Gwanja ce ai gidanmu aka zo. A sa hoton a nan zaure kowa ya gani, akwai wani tsoho a masallacinmu da yake karanta irin wannan hannun.

DanKofarMata
To bari a kawo wuta in yi cajin waya, hoton dare ba ya fita.